Musayar waƙa: Goskolo da kan da ya bugu

Ɗan Rikkos:

Jama'a ku ara mini kunne,
Kan ƙanena nake kokawa.
Babur ya kayar da shi a Gada Biyu,
Kai ya bugu, jini na kwararowa.
Ya yi kwanaki bai san kowa ba,
Da ƙyar aka samu farfaɗowa.
An sallame shi da magani,
Aka ce da giya ya yi rabuwa.
Ga abokai nan sun dawo,
Da giyar goskolo a leda suna ɓoyewa.
Wai sanyin Jos sai da ɗumi,
Wai barci ma shi ke kawowa.

Baban Tudun Wada:

Ɗana, sannu da ɗawainiya,
Allah bai manta da ku ba.
Amma ina da tambaya,
Don ni ban yi karatun likita ba:
An cire zare, rauni ya rufe,
Me ya saura da bai warke ba?
Ba yabon giya nake ba, ku gane,
Kurɓi guda dai ban ga illarsa ba.

Nas ta Lamingo:

Baba, fatar kai ce ta warke,
Ƙwaƙwalwa na nan tana jinya.
A watanni 6 na farko ta fi sauri,
Tana shimfiɗa sabuwar hanya.
Har shekara 2 ana ƙara samun sauƙi,
A magana, tunani da tafiya.
Ɗanyen gini ne, bai bushe ba,
Ba ya son ambaliyar giya.
Tabon da ya saura a cikin kai
Kan iya tayar da farfaɗiya,
Giya na sauƙaƙa tashinta,
Ta dagula maganin gaba ɗaya.
Abin da da can bai bugar da shi ba,
Yanzu kaɗan ya sha sai tangaɗi da juwa a hanya.
In ya sake faɗuwa kan ya bugu,
Na biyun ya fi na farko wuya.
Mai yawan sha, ƙwaƙwalwarsa kan motse,
Ƙaramin bugu ya tsinka jijiya,
Jini ya taru a hankali cikin kai,
Sai bayan makonni a ga rashin lafiya.
Barcin da suke faɗa kuwa,
Tsakar dare yake yankewa, ya bar baƙin ciki a zuciya.

Gwaggo ta Anguwan Rogo:

'Yata, Allah ya yi miki albarka,
Bari in ƙara abin da na gani.
In ya koma sha kullum da yawa,
Kar ku yanke masa rana guda ba sani.
Jiki kan ɗau rawa, gumi ya karyo,
Ya yi ta gane-gane kamar mai aljani,
Cikin kwana 2 zuwa 3 ya fi tsanani,
Ku kai shi asibiti a janye shi da magani.
Kuma kar ku yi masa gori a tsakar gida,
Saurin fushin nan ciwon ne, ba raini.

Ɗan Rikkos:

Gwaggo, na ji, kin taɓa inda ke ciwo,
Fushinsa ne ya fi ƙona mana rai.
Gobe da safe za mu ga likita,
In faɗa masa yawan abin da yake sha sarai.
Abokan kuwa zan same su da kaina,
Su zo gaisuwa, amma hannu biyu kawai.