Wai ajiye dila a gida laifi ne ko a'a?

Mai tambaya: Salam jama'a. Jiya mun yi gardama da wani abokina, shi ya dage wai babu ƙasar da doka ta yarda mutum ya ajiye dila a gida kamar kare ko mage, ni kuma na sha ganin bidiyon mutanen Ingila suna ba jan dila, wanda turawa ke kira fox, abinci a hannu. Waye mai gaskiya cikinmu?

Yaya Babba: Abokinka bai bincika ba ƙanina. A Ingila ba dokar da ta ce kar a ajiye jan dila, amma da zarar ya shiga hannunka dokar kula da dabbobi ta 2006 ta hau kanka, ka barshi da yunwa ko ka matse shi a keji kotu za ka tsinci kanka. Amurka kowace jiha da nata, Kalifoniya ta hana kwata kwata, Indiyana sai da lasisi. Ostiraliya kuwa ba sa wasa da maganar, turawa ne suka kai musu shi a ƙarni na 19 don farauta, ya bazu ya ringa cinye ƙananan dabbobin ƙasar, yanzu annoba suke ɗaukarsa.

Anti Mai Kaji: To Yaya na ji doka ta yarda a wani wuri, sai me? Ni fa na taɓa ganin wanda aka ajiye a gida kuma wallahi tausayi ya bani. Ya tone kujera har soso ya fito ya binne nama a ciki, ya yi fitsari a kwanon abincinsa saboda haka suke yi wa abinsu alama, warin nan ko an wanke baya fita, da dare kuma yana ta zagaye ɗakin yana kartar ƙofa har farcensa ya yi jini. Dabbar da ta saba yawon dare a fili ce fa.

Ɗan Makaranta: Anti ai an horar da su a Rasha, har kaɗa wutsiya suke in sun ga mutum.

Anti Mai Kaji: Ɗana wannan daban. Wani masanin kimiyya Dmitry Belyaev ne ya fara gwajin a birnin Nobosibirsk na Rasha a 1959, kuma ba horo ba ne, zaɓe ne, duk haihuwa sai a ware mafi sanyin hali a haɗa su, shekara da shekaru ana yi. Kai da ka tsinci ɗan dila a daji ba wannan ka samu ba.

Malam Likita: Akwai abin da ba ku taɓo ba, ciwon haukan kare. A Amurka babu allurar rigakafin da aka amince a yi wa dilan gida, to in ya ciji baƙo hukuma na iya kashe shi don a gwada ƙwaƙwalwarsa ko da lafiyarsa ƙalau. Ita kuma yanyawa mai manyan kunnuwan nan da ake rububi tana cikin jeri na 2 na CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, ba a fitar da ita daga ƙasa sai da takarda.

Mai tambaya: To Malam in mutum ya ga ɗan dila shi kaɗai yana kuka fa, ya wuce ya barshi ya mutu?

Malam Likita: Kar ka yi saurin ɗauka. A Ingila wajen Maris suke haihuwa, zuwa Afrilu da Mayu yaran sun fara fitowa bakin rami uwar na nan kusa tana nemo abinci. In idonsa a buɗe yake ba rauni, ka ja baya ka dawo washegari ka duba. In yana da rauni ko gashinsa ya zube fata ta yi ɓawo saboda kirci, masu ceton namun daji za ka kira. Ba shi abinci a hannu ma ban so, yana cire masa tsoron mutane, gobe ya nufi wanda ba zai ji tausayinsa ba.

Yaya Babba: Ni dai tambayar doka aka yi kuma na amsa, ba a ko'ina ne yake laifi ba. Wanda ke da fili babba da katanga mai tushe a ƙasa da lasisinsa ban ga dalilin hana shi ba.

Anti Mai Kaji: Yaya wanda na gani ma da fili a gidan, ƙofar dai yake karta.