Ƙudan da ke bin mutum: wane suna za mu raɗa masa?

1/ Jama'a, ina neman taimakonku kan wata kalma. Ina fassara wani bayani a kan ƙudajen Fantanal, wannan ƙaton dausayi da ya ratsa Burazil da Bolibiya da Faraguwe, sai na ci karo da kalmar "sinantirofik". Asalinta Girkanci ne: gaɓar farko na nufin "tare da", ta biyun kuma "mutum". Ana faɗarta ga halittar da ba kiwonta aka yi ba, ba kuma gayyatarta aka yi ba, amma ta liƙe wa mazaunin ɗan Adam tana ci a gindinsa. Ɓera, kyankyaso, ƙuda.

2/ Da farko na rubuta "ƙudan gida". Ban kai ƙarshen layi ba na goge. Ƙudan gida jinsi ɗaya ne tak, baƙin nan da ke sauka a bakin ƙwaryar fura. To ina za a kai koren ƙuda mai ƙyalli da ke rufe tumbi a mahauta? Ko ƙaramin nan mai nacin idon yara, wanda ke yaɗa amosanin ido? Ko mai zuba ƙwai a kan shanya, tsutsarsa ta shige fata ta yi maruru? Duk kalmar ta kwashe su.

3/ Wani malamina ya ce a sa "ƙudan ƙazanta". Malam, a gafarce ni, ban gamsu ba. Ƙudan daji ma a kan mushe yake kwana. Abin da ake aunawa shi ne kusancinsa da mu. Wani masani ɗan ƙasar Finlan, Nuorteva, ya fitar da ma'auninsa a 1963. Ana ɗana tarko iri ɗaya, da hanta ko ruɓaɓɓen kifi a ciki, a wuri uku: cikin gari, ƙauye ko rugar shanu, da tsakiyar daji. Sai a ƙirga abin da ya faɗa. Jinsin da ya ci 100 bai san ko'ina ba sai gari; wanda ya gangara 100 ƙasa da sifili ko warin mutum ba ya so.

4/ Wata 'yar'uwa daga Gashuwa ta kawo "cima-zaune". Na yi dariya, amma wannan ta fi dacewa da kaska da ƙwarƙwata, masu zama a jiki suna shan jini. Ƙuda yana yawon neman abinsa, shi ya sa ma ake cewa wajen kwaɗayi yakan mutu.

5/ Abin da ya kwanta mini shi ne "bi-mutum". Ƙudan bi-mutum, jam'i ƙudajen bi-mutum. Ginin ba baƙo ba ne a bakinmu, ga bi-bango nan muna faɗa duk damina. Kuma yana karɓar kishiya ba wahala: ƙi-mutum. Masu kai-kawo tsakanin gari da daji kuwa mu ce 'yan shiga-da-fita.

Abin da ya ƙara ƙarfafa mini gwiwa shi ne tarihin korayen ƙudajen da suka cika Burazil yau. Wasunsu 'yan Afirka ne, wasu na Asiya, a shekarun 1970 aka fara ganinsu can, kuma sun tura na asalin ƙasar gefe a wurare da yawa. Har teku suka haye a bayan mutum. In wannan ba bi ba ne, mene ne?

6/ Saura guda: Fantanal ɗin, dausayi za a kira shi ko fadama? Ni dausayi na zaɓa, don shi muke faɗa ga Haɗejia-Nguru, fadama kuma nan da nan hankali ke tafiya kan noman rani da albasa. Mutanen Nguru da ke banda kifi a bakin ruwa sun fi mu sanin waɗannan ƙudaje. In akwai sunan da kuke kiran koren da shi, ku ajiye mini a ƙasa, zan fi son naku a kan ƙirƙirata.