Daɓen efoksi na shagona ya dushe, yana santsi, ku taimaka

Mai shago, Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shagon kayan masarufi gare ni, shinkafa, taliya, manja da man gyaɗa. Da daɓen siminti ne, ƙurarsa ta dame mu, kullum ƙasan buhuna fari fat. Ƙanina ya kawo shawarar efoksi, wato wani fenti mai kauri da ake shafa wa daɓe. Abokin kasuwancina ya ƙi, shi tayil yake so, da ƙyar na shawo kansa muka raba kuɗin biyu. An yi aikin da damina, ruwan toka mai sheƙi. Yanzu sheƙin ya tafi, ya yi fari-fari, in ya jiƙe sai santsi, jiya wata baiwar Allah ta kusa faɗuwa. Wajen bangon baya kuma ya kumbura kamar ƙuraje. Kullum yarona yana wanke shi da omo da bilic. Mai aikin ya daina ɗaukar waya, abokina ya fara zancen kuɗinsa. Yaya zan yi?

Injiniya, Apapa:
Wa alaikumus salam Alhaji. Matsala biyu gare ka. Farin da santsin daga wanki ne. Efoksi ba ya shan ruwa, saboda haka kumfar omo a samansa take bushewa, kullum ana ƙara wani a kan wani. Bilic mai ƙarfi kuma yana dusar da launi. Ka tsayar da su. A share da tsintsiya mai laushi tukuna, don yashin takalmi shi ke karce daɓen. Sannan amoniya, wato wani sinadarin wanki mai ƙarfin wari, rabin kofi, wajen mililita 120, a ruwan ɗumi lita 4, a goge da mofa, a bi da ruwa zalla, a tsane. Amma kafin amoniya ta taɓa ƙasan a ɗauraye shi sosai, kuma a sake bokiti. Amoniya da bilic in sun haɗu suna fitar da iska mai guba. A buɗe ƙofa lokacin aikin.
Kumburin kuwa wanki ba ya maganinsa. Kwana nawa kankaren ya yi kafin a shafa?

Hajiya, Idi-Araba:
Ɗana, ruwan khal ko lemun tsami cikin ruwa yana cire wannan farin nan take. Masu aikin nan kam sai Allah, na ɗakin girkinmu ma rabin kuɗi aka karɓa aka ɓace.

Injiniya, Apapa:
Hajiya ki yi haƙuri, a tayil ne wannan yake aiki. Tsami yana cin sheƙin efoksi a hankali. Haka soson ƙarfe da tina, wato sinadarin da ake tsinka fenti da shi. Manja in ya zuba, a kwashe da tsumma nan da nan, a bi da ɗigon sabulun wanke-wanke, a ɗauraye.

Mai shago, Agege:
Injiniya, bilic ɗin saboda kyankyasai ne, shagon abinci ne fa. Kuma mai aikin da kansa ya ce komai za a iya wanke shi da shi. Omon ma ba da yawa yake zubawa ba.

Malam, Mile 12:
Ni ina ganin ba omo ba ne. An shafa da damina, laimar Legas kuwa kowa ya san ta. Efoksi in ya sha laima kafin ya bushe yana fitar da wani fari mai maiƙo a sama tun kwanakin farko. Alhaji, tun yaushe ka fara ganin farin?  Da ka bi ta abokinka ka sa tayil.

Injiniya, Apapa:
Wannan farin yana faruwa, amma shi ma ruwan ɗumi da soso mai laushi ke cire shi. Kumburin ne abin tsoro. Sabon kankare yana buƙatar kwana 28 kafin a rufe shi, ruwan ƙasa a Legas kuma yana kusa, in ba a shimfiɗa leda ƙarƙashin kankaren ba danshi zai yi ta hawowa yana ɗaga fentin. Ka fasa ƙurji ɗaya da wuƙa, ka ga ko ruwa zai fito. Sannan ka kankare wurin har siminti, ka ɗora leda mai kauri, santimita 45 kowane gefe, ka manne bakinta da salatif, ka bar ta aƙalla awa 16. In ta yi gumi ko simintin ya yi duhu, danshi ne. Sai an gurje wurin da inji, a sa shafin farko mai tare danshi, sannan efoksi. Awa 24 kafin a taka, kwana 7 kafin a jibga buhuna, su ma a kan katako, ban da ja a ƙasa.

Mai shago, Agege:
Kwana 7 shago a rufe ba zai yiwu ba. In na shafa sabon fenti a kan kumburin kawai fa? Akwai ragowar galan.

Injiniya, Apapa:
Zai sake tashi, Alhaji. Ragowar ma in an riga an haɗa ta da sinadarin da ke sa ta daskare, ta mutu. Har yanzu ba ka faɗi kwanakin kankaren ba.

Mai shago, Agege:
Ƙanina ne ya tsaya a kan aikin, ya tafi gida Kano. Zan tambaye shi in ya dawo.