Ina za mu samo makaɗa na gaske kafin 11 ga Fabrairu?

Ɗan Teknik (Garwa):
Salamu alaikum jama'a. Ni ne aka ɗora wa kulob ɗin kiɗa da wasan kwaikwayo a kolej ɗinmu na koyon sana'a, kuma ga satin matasa ya taho, wanda ake yi don bikin ranar matasa ta Kamaru, 11 ga Fabrairu. Kowace shekara abu ɗaya muke yi, a jona telefon a sono (lasifika), yara su yi rawar da suka kwafo a TikTok, a tafa, a watse. Bana na ce wlh sai mun yi wani abu namu, wasa kan fadar lamido da makaɗanta, to amma cikin mu 23 babu wanda ya taɓa riƙe kalangu, kuma yara biyu iyayensu sun cire su wai ba su kai ɗa lakwal (makarantar boko) don ya zama maroƙi ba. Don Allah waɗanda suka taɓa yin irin wannan, ta ina ake farawa? kuma da wane yare za mu yi, don ajinmu akwai Fulani, Hausawa, Fali, Tupuri, har da 'yan kudu.

Malam Mai Alli (Ngaundere):
Wa alaikumus salam ƙanena. Na riƙe irin wannan kulob shekaru kafin in yi ritaya, ga abin da na gani. Kada ka je wurin makaɗi kai tsaye kamar za ka yi hayar moto. Ka samu dattijo ya raka ka wurin Sarkin Hausawa na unguwa, ka riƙa goro a hannu, shi zai haɗa ka da mutanen da suka gaji abin. Makaɗa gado suke yi, uba ya ba ɗa, idan ka shigo ta ƙofa sai su koya maka abin da ko da kuɗi ba za su sayar ba.

Sannan ka san abin da za ka roƙa. Kakaki da tambari na sarauta ne, ba a busa kakaki don direkta ya shigo fili, ko ka tambaya ba za su ba ka ba, kuma suna da gaskiya. Algaita da ganga ana fita da su biki, waɗannan za ka iya samu. Kalangu asalinsa kiɗan mahauta ne, a hammata ake matse shi, tsarkiyar ta ja fatar sai muryar ta hau ko ta sauka, shi ya sa ake cewa yana magana. Yaro mai kunne zai iya kama kiɗa ɗaya ko biyu cikin wata guda, algaita kuwa ka manta, numfashin kaɗai sai an shekara ana fama, gara ku gayyato mai ita ya busa muku ranar.

Kuma tunda kan fada za ku yi, ku saurari sunayen sarautun da kyau, Galadima, Kaigama, Sarkin Fada, Sarkin Yaƙi, Sarkin Shanu. Lamido Bafulatani ne, tun tutar da Modibbo Adama ya karɓo wajen Shehu Usmanu a 1809, amma sunayen nan na Hausa ne da na Barebari, kirarin ma da yawa da Hausa ake yi. Wannan kaɗai ya ishe ku labarin wasa.

Yar Marwa:
hmm maganar iyayen nan ita ce babba fa, ni ma babana ya hana ni a lise (sakandare). Abin da ya sauko da shi shi ne da ya ji tashe za mu yi, sai ya hau dariya ya ce su ma sun yi Jatau mai magani suna yara, har ya gyara mana yadda ake ɗaura gemun auduga. Ku fara da tashe mana, ai wasan kwaikwayo ne tun kafin a san wani dandali, azumi ya kai kwana 10 yara su fito gida gida, babu uban da zai ce bai sani ba. 'Yan mata ku ba su shantu, ba tsada kuma kakanninsu sun iya. Goge da garaya dai ku ajiye tukuna, wasu da sun ji sai su ce bori, ka jawo wa kanka magana a banza.

Kaou_237:
Ni dai ina ganin kuna wahalar da yaro. Minti nawa ma za a ba su a fili? Sai ku kwashe wata guda kuna repetisiyon (gwajin wasa) a rana, a ƙarshe sono ya ɗauke. Kuma kar ku mai da abin na Hausawa da Fulani kaɗai, yaron Tupuri yana da rawar gurna, ka tambaye shi ka gani in bai tara maka mutum 10 gobe ba. Yare kuwa ku yi yadda kuke magana a kasuwa, wannan ya yi Fulatanci wancan ya amsa da Hausa, mai ba da labari ya ɗaure da Faransanci don manyan baƙi, a nan ne ma dariyar take.

Ɗan Teknik (Garwa):
Na gode ƙwarai. Malam, kakaki kam da na tafka kunya, don har na rubuta shi a takardar da zan kai ofis, yanzu na goge. Yaya 'Yar Marwa tashen ya shiga, akwai wani a ajinmu da ba sai an sa masa gemu ba ma. Kaou maganar gurna na yi wa abokina, ya ce sai dai a nemo musu sanduna. Saura goro, kawuna ya ce zai raka ni ranar Juma'a bayan masallaci, nawa ya kamata in saya Malam, kar in je da kaɗan a raina ni?

Malam Mai Alli (Ngaundere):
Ka bar wa kawunka wannan, ya fi ka sanin mutanensa. Kai dai ka sa doguwar riga da hula, ka cire takalmi a zaure.