Na haɗa kwamfuta ta ƙi kawo hoto, masu gyaran Maraɗi kuma sai canki-canka

Ɗan Bagalam: Salamu alaikum. Ƴan uwa, raina a ɓace yake. Tun bayan girbi nake tara kuɗi don in haɗa kwamfutar tebur da hannuna, saboda aikin bidiyon biki da suna ya fi ƙarfin ƙaramar da nake da ita. Na aika Kano aka sayo mini firosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Ryzen 5 5600 na kamfanin AMD, da uwar allo B450, da RAM DDR4 mai giga 8 guda biyu, da SSD. Akwati da na'urar raba wuta mai wat 500 a nan na saya. Na ɗaura komai, na jona wayar HDMI a bayan uwar allon, na kunna. Fanka tana juyawa, fitila ta kama, amma hoto babu, baƙi ƙirin. Na zagaya wurin masu gyara. Wannan ya ce RAM ce, wancan ya ce uwar allon ta ƙone, wani ma cewa ya yi in sallama masa kayan a rabin kuɗi. Gaskiya a garin nan ba wanda ya san kwamfuta, canki-canka kawai ake yi da dukiyar mutane.

Mai Gyara na Sabon Gari: Wa alaikumus salam. Canki-canka? Ƙane, tun kana makarantar firamare nake buɗe cikin kwamfuta. Da wannan sana'ar na yi aure, da ita nake ciyar da iyali. Kai da ka kalli bidiyo a YouTube ka ɗauki sukudireba, yau kai ne za ka kira mu ƴan canki-canka?

Na Mokoyo: Yaya, ai ba da kai yake ba. Amma abin da ya faɗa akwai shi. Ni ma an taɓa canza mini batirin waya, ashe wurin caji ne ya lalace.

Mai Gyara na Sabon Gari: "Ba wanda ya san kwamfuta" ya ce. Ni ba a garin nan nake ba?

Malam Mai Siber: Ni kalmar ce ta dame ni. Canki-canka caca ce. Ka ce ɗan uwanka musulmi yana caca da dukiyarka, wannan ƙazafi ne, ya kamata ya janye.

Na Mokoyo: Haba Malam, wace caca? Wasan yara ne, a dunƙule hannu a ce canki. Nufinsa suna faɗin abu ba su tabbatar ba.

Malam Mai Siber: To idan wasan yara ne ai ya fi muni. Magidanta yake kira yara ke nan.

Ɗan Bagalam: Ban zagi kowa ba, kuma ba zan janye ba. Mutum uku, magana uku. Mene ne sunan wannan?

Ɗalibar Jami'ar Ɗan Dikko: Don Allah yayyena ku bari a duba kayan. Ryzen 5 5600 ba shi da sashen hoto a cikinsa. Ramin HDMI na bayan uwar allo ba ya fitar da komai sai in firosesan yana da wannan sashen, kamar 5600G. Ba ka ambaci katin hoto, wanda ake sawa daban don fitar da hoto, a cikin sayayyarka ba, saboda haka ko komai lafiya lau yake, baƙi za ka gani. Na biyu, B450 ya fito a 2018, jerin Ryzen 5000 kuwa sai ƙarshen 2020. Mazauninsu ɗaya ne, AM4, shi ya sa ya zauna daidai, amma in allon tsohon ajiya ne sai an sabunta BIOS, manhajar da ke cikin uwar allon, kafin ya gane firosesan. Ka duba kwalin ko an manna takardar da ta ce ya shirya wa Ryzen 5000. Wasu alluna suna da maɓalli a baya da ake sabuntawa da kile na USB, wasu kuma sai an ari tsohon firosesa. Ka fara aron katin hoto ka gwada kafin ka sayar da komai.

Alhajin Babbar Kasuwa: Duk wannan bai taso ba. Laifin na mai aike Kano ne. Kaya su bi ta Katsina, su bi ta Jibiya, su shigo ta Ɗan Isa a bayan mota ana jijjiga su, sannan in sun ƙi aiki a zo a zagi mutanen Maraɗi. Da a nan ka saya, da mai shago ya kunna maka a gabanka.

Ɗan Zariya: Alhaji, da girmanka, kayan da ke shagunan nan daga ina suke zuwa? Ba ta hanyar nan suke bi ba? In ka canza sefa zuwa naira ka je da kanka, ka fi samun sauƙi. Haushin ke nan.

Alhajin Babbar Kasuwa: Sauƙin ne ga shi nan ya gani. Kuma ni kayana ta Kwatano da Lome suke zuwa, ka daina faɗin abin da ba ka sani ba.

Ɗan Zariya: Kowa ya san inda ake saro su.

Mai Gyara na Sabon Gari: Ku bar zancen hanya. Wa ya ce ya sayi AMD? Ƙasar da a watan Afrilu zafi ke wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu tana toshe fanka. AMD zafi gare shi, na sha gani da idona. Da Core i5-12400 na Intel ya ɗauka, da yanzu yana aikinsa.

Ɗan Zariya: Wannan zancen zamanin da ne. 5600 wat 65 ne, 12400 ma wat 65. Kuma Intel ɗin naka, in ya ɗauko mai F a ƙarshe, 12400F, shi ma ba hoto. Ga wani tarkon: allunan LGA1700, mazaunin wannan Intel ɗin, wasu DDR4 suke ci, wasu DDR5, kuma ɗaya ba ta shiga ramin ɗaya don tsagar ba a wuri guda take ba. AM4 kuwa DDR4 ce kawai, ba ruɗani.

Mai Gyara na Sabon Gari: Kai a takarda ka karanta, ni hannuna na sa na ji.

Na Mokoyo: To wannan jin da hannu, ba shi ne canki-cankar ba?

Mai Gyara na Sabon Gari: Ka ga irinta ko? Shugaba, kana gani ana ci mana mutunci.

Hajiya Mai Buga Takardu: Ni abin da ya fi ba ni tausayi, yaron nan zai sa dukiyarsa a kan wutar da ake ɗaukewa ba sallama. Kwamfutar tebur ba ta da batiri. Ɗana, ko ta tashi, kada ka yi aiki da ita sai da ondilar, na'urar da ke riƙe wuta in an ɗauke, in ba haka ba kana tsakiyar bidiyon amarya komai zai tafi.

Malam Mai Siber: Hajiya, ondilar ɗin ma batirinta ba ya daɗewa a zafin nan. Sola ita ce magana.

Hajiya Mai Buga Takardu: Mai neman kuɗin katin hoto kake ce wa ya sa sola?

Ɗan Bagalam: Wane kati kuma? Mai shagon ya ce mini kayan sun cika.

Ɗalibar Jami'ar Ɗan Dikko: Yaya, na rubuta maka a sama. Ka koma ka karanta.

Malam Mai Siber: Ya fara ba mutane haƙuri tukuna.

Shugaban Zaure: Jama'a, dare ya yi, bari in tattara. Na farko, kalmar canki-canka ba ta dace ba, kuma kusan kowa ya yarda da haka. Masu gyaranmu mutanen kirki ne, ni kaina wurin Yayanmu na Sabon Gari nake kai tawa tun da daɗewa, ban taɓa ganin ha'inci ba. Na biyu, an nuna cewa sayen kaya daga nesa ba tare da shawarar masu sana'a ba shi ya jawo wannan asarar, kamar yadda Alhaji ya bayyana. Na uku, Yayanmu yana ganin a yanayinmu Intel ya fi kwanciyar hankali. Ƙanwarmu ta jami'a ma ta kawo wani bayani a kan hoto, mai bukata ya duba. Ɗan Bagalam, gobe da safe ka ɗauki kayanka ka kai Sabon Gari, ka gaida Yaya, ka ba shi haƙuri, ya duba maka. Na rufe wannan maganar.