Taron ƙungiyar ma'aikatan laburare: wanda bai karanci fannin ba zai iya zuwa?

MalamarSakandare:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ina da tambaya ga masu aikin laburare da ke nan. Ni malamar Hausa ce a wata sakandaren 'yan mata, farkon zangon nan firinsifal ta miƙo min makullin laburaren makaranta ta ce ni zan riƙa kula da shi, tunda mai riƙe da shi ya yi ritaya kuma ba a turo wani ba. To jiya wata ƙawata ta turo min sanarwa a WhatsApp wai reshen jiharmu na NLA, ƙungiyar ma'aikatan laburare ta Najeriya, zai yi taron 'yan ƙungiya, a ciki akwai batun shirin makon laburare da bita ga masu kula da laburaren makarantu da kuma maganar waɗanda za su tafi babban taron ƙasa. Abin da nake son sani, irina da ban karanci fannin ba, digirin Hausa gare ni, ana barinmu mu shiga ko sai masu satifiket? Kuma me suke yi ne a shekara, akwai abin da zai amfani ƙaramar makaranta ko dai harkar 'yan jami'a ce kawai? Don gaskiya halin da na tarar da ɗakin nan ya dame ni, littattafai na cikin kwali a ƙasa wasu ko yanke igiyarsu ba a yi ba, gara ta fara cin na ƙasan, babu rajista, kuma yaran suna son karatu wallahi, kullum in an tashi tara sai sun zo sun tsaya bakin taga suna tambaya Malama yaushe za a buɗe.

MaiKatalog:

Wa alaikumus salam Malama. Ki je, kar ma ki yi wata-wata. Abu biyu ne mutane ke haɗawa su ruɗe. Akwai LRCN, hukumar gwamnatin tarayya da aka kafa da dokar soja mai lamba 12 ta 1995, ita ke yi wa ƙwararru rajista, kuma nan kam sai wanda ya karanci fannin. Ita kuwa NLA ƙungiya ce ta 'yan sana'a tun 1962, tana da rassa a jihohi, kuma a zaman reshe za ki ga ɗalibai da ƙananan ma'aikata da malaman makaranta irinki. Har ma akwai ƙungiyar da ta keɓanta da laburaren makarantu, NSLA, wadda aka kafa a 1977, ki tambayi sakataren reshe ya haɗa ki da su.

Batun abin da ake yi a shekara kuwa, babba dai shi ne taron ƙasa da ake haɗawa da zaman shekara-shekara na 'yan ƙungiya, yawanci tsakiyar shekara yake faɗowa, ana gabatar da takardu, masu sayar da littattafai da manhajoji su baje koli. Wannan yana da tsada, ga kuɗin rajista ga mota ga masauki, ban ce ki sa shi a gaba yanzu ba. Abin da zai fi miki amfani shi ne na reshe, wato makon laburare da bitoci da ziyarar makarantu, sai ranakun da kusan kowane reshe ke ɗan motsawa a cikinsu, 23 ga Afrilu ranar littafi ta duniya, 8 ga Satumba ranar yaƙi da jahilci, sannan watan Oktoba gaba ɗayansa wata ne na laburaren makarantu a duniya. In kika je taron ki miƙe ki ce makarantarku na so a sa ta cikin waɗanda za a ziyarta, sau da yawa kwamiti neman makarantar da ke da wanda zai tarbe su suke yi.

Amma kafin ranar taron, gobe-goben nan ki ɗaga kwalayen nan daga ƙasa, ko benci biyu ne ki haɗa ki ɗora, ki janye su daga jikin bango. Waɗanda gara ta taɓa ki ware su daban ki kakkaɓe a waje a inuwa, kar ki shanya a rana takarda bushewa take ta karye. Sai ki samu babban littafi mai layi ki ja gidaje, lamba, kwanan wata, marubuci, sunan littafi, maɗaba'a, shekara, da inda aka samo shi. Kowane littafi ki ba shi lambarsa ki rubuta a bayan shafin suna, ki buga masa hatimin makaranta a nan da kuma wani shafi guda a ciki da ke kaɗai kika sani. Wannan rajistar ita ce gaba da komai, ko wa ya zo taimako ita zai fara tambaya. Jerawa a kanta daga baya ne, kuma tsarin Dewey na jera littattafai da lamba bisa fanni ya ishe ki, gida goma ne kacal, addini a 200 Musulunci a 297, kimiyya a 500, adabi a 800, tarihi da labarin ƙasa a 900. In aka nuna miki a bita da littafi a hannu yini ɗaya kin kama.

MalamarSakandare:

Allah ya saka da alheri Malam, wallahi ka cire min nauyi. Hatimi akwai a ofishin firinsifal. Maganar shanyawa a rana kuwa da ita masinjanmu ya ba ni shawara, gara da ka faɗa.

TsohonMa'aikaci:

'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika damu. Ni na gama aiki na ajiye, amma har yanzu in an kira taron reshe ina lallaɓawa in je, kuma abin da nake faɗa musu kullum shi zan faɗa miki, ku masu riƙe da makullan ƙananan ɗakuna ku ne ƙungiyar ta fi buƙata. In zaure ya cika da 'yan jami'a zalla, to maganar duk za ta koma kan ƙarin girma da buga takarda a mujalla da kuɗin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, ba laifinsu ba ne, abin da ke gabansu kenan. Sai an samu mai tashi ya ce ɗakina na yoyo kuma yara ɗaruruwa na jira, sannan ajanda ke canjawa.

Kuma ki sani abin nan a Arewa daga ƙananan ɗakuna ya faro. Zamanin En'e akwai ɗakunan karatu a garuruwa, mutum ya shiga ya zauna ya karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939, wanda bai iya ba a karanta masa. Daga baya hukumar NORLA a Zariya ta riƙa buga ƙananan littattafai na yaƙi da jahilci tana rarrabawa har ƙauyuka. Ita kanta ƙungiyar NLA asalinta daga taron da UNESCO ta yi a Ibadan ne a 1953 kan laburaren jama'a a Afirka, daga nan aka kafa ƙungiyar Afirka ta Yamma a 1954, mu da su Ghana a haɗe, kafin kowa ya kama tasa, tamu ta tsaya da ƙafarta a 1962. Sannan a 1963 wani Bature daga Ostireliya, Sharr, ya rubuta rahoto kan abin da Jihar Arewa ke buƙata ta fuskar laburare, kuma a 1968 ABU ta buɗe sashen koyar da fannin. Kin ga tun farko maganar jama'a ake yi, talaka da ɗan makaranta.

Akwai abu ɗaya da nake so matasan nan su sa a shirin bana, shi ne rubutattun takardun da ke gidajen malamai. Kowace unguwa ta tsohon gari akwai gafaka cike da warƙoƙi, Larabci da ajami, waƙoƙi da wasiƙu da fiƙihu, malam ya rasu magada sun tura ƙarƙashin gado. Na taɓa ganin wata da jika ya so ya gyara don ƙauna, ya bi duk inda ya yage ya liƙe da salatef, bayan 'yan shekaru gam ɗin ya jiƙa takardar ya zama ruwan ƙasa, da aka zo ɓarewa sai ya taho da tawadar. Wasu kuma kai wa masu laminatin suke yi, wannan ya fi muni don ba a iya warwarewa. Akwai wuraren da suka san aikin, Arewa House a Kaduna da Farfesa Abdullahi Smith ya assasa a 1970 a gidan Sardauna, akwai cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, akwai Gidan Ɗan Hausa a Kano. Da reshe zai gayyato mutum ɗaya daga can a makon laburare, a tara limamai da masu makarantun allo a nuna musu yadda ake ajiya da ɗaukar hoto ba tare da an raba su da kayansu ba, da an ceto abu mai yawa. Mutanenmu ba sa son a ɗauke musu gadon kakanni kuma suna da gaskiya.

Alƙalami:

Baba duk na yarda da kai, amma bari in ƙara ta ɓangaren marubuta don ni nan abin ke min ciwo. Malama ki duba kwalayen nan da kyau ki gaya mana littattafan Hausa nawa ne a ciki, ina kyautata zaton in kin cire na manhajar jarrabawa ba za ki samu na kirki ba. Alhali shekaru da yawa matan Kano da Kaduna da Katsina daga shagunan haya suke karatu, a biya 'yan kuɗi a ɗauki littafi a dawo da shi gobe, yanzu kuma abin ya koma waya ana saye a guruf ana turawa. Masu karatu na nan dankam, laburare ne bai je inda suke ba. Kuma mu ma marubuta da namu, dokar laburaren ƙasa ta 1970 ta ce duk wanda ya buga littafi ya kai mata kwafi 3, gwamnatin jiha 10, ta tarayya 25, kuma can ake karɓar lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, amma da yawanmu ba su ma san da dokar ba, shi ya sa littafin da ya yi tashe shekara ashirin baya yau sai ka zaga Kasuwar Kurmi kaf ba ka samu ba, marubucin kansa ba shi da kwafi. In reshe na neman abin yi mai amfani to ya kira zama da marubutan jiha, a yi bayanin dokar nan da Hausa, kowa ya zo da littattafansa ya ba laburaren jiha da makarantu. Ga 21 ga Fabrairu ranar harshen uwa, ga 26 ga Agusta Ranar Hausa, ranakun a shirye suke. Ni dai in an kira zan zo da nawa.

'YarAjiUku:

Salam. Ni ɗaliba ce a fannin, aji uku nake. Anti kar ki ji komai mu ma muna zuwa, baya muke zama amma ana ba mu dama mu yi magana. Abin da zan ƙara shi ne akwai AfLIA, ƙungiyar laburare ta Afirka gaba ɗaya, ofishinta na Accra a Ghana tun 2013, suna yawan yin horo ta intanet kuma da yawa kyauta ne data kawai za ki sa. Sannan akwai gangamin 1Lib1Ref da ake yi sau biyu a shekara, daga 15 ga Janairu zuwa 5 ga Fabrairu, sai kuma 15 ga Mayu zuwa 5 ga Yuni, kowane ma'aikacin laburare ya shiga Wikipedia ya ƙara madogara, wato inda aka samo bayanin, ko guda ɗaya ce a maƙalar da ba ta da ita, kuma Wikipedia ta Hausa na matuƙar buƙatar wannan, ke da kike malamar Hausa ai kin fi mu dacewa ma, littattafan na hannunki. Sai kuma wani abu, mu ana tura mu aikin sanin makama kuma wasu rasa wuri suke yi, ki yi wa malamanmu magana a taron ko za a turo miki mutum biyu ko uku su taya ki rajista da liƙa lamba, mu mun samu wurin koyo ke kin samu hannu.

MaiKatalog:

Shawarar ƙanwata ta ɗalibai ta yi, sai dai makaranta ta rubuto takarda a hukumance da sa hannun firinsifal don sashen ba zai tura yara haka kawai da baki ba. Kuma Malama in wani ya fara miki maganar Koha a taron, manhajar kula da laburare ce mai kyau kuma kyauta, mu da ita muke aiki, amma tana son kwamfuta da tsayayyiyar wuta da wanda zai kula da ita, ki bari sai rajistar takarda ta kammala. Malam Alƙalami maganarka gaskiya ce, illa dai akwai makarantun da za su ce sai sun tace littafi kafin ya hau kanta tunda 'yan mata ne ƙanana, wannan kuma kada marubuta su ɗauka da zafi.

Alƙalami:

Ba komai a tace, ai malamar Hausa ce ke riƙe da makullin, ita ta fi kowa sanin abin da ya dace da 'yan aji ɗaya da abin da sai 'yan aji shida. Malama ki sa mana hannu kawai, in an zo wajen sauran batutuwa a ƙarshen ajanda ki tayar da maganar zama da marubuta, in Baba na wurin ya mara miki baya, ni kuma zan kai maganar zaman marubutanmu na wata-wata in tattara sunayen waɗanda za su ba da littafi.