Muhawara: a sayar da fili don jami'ar da ke saman jeri, ko yaro ya yi karatu a gida?

Mahaifin yaro: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ɗanku zai cike fam ɗin JAMB a wannan makon, kuma injiniyan lantarki yake son karantawa. Jiya a Fagge Yaya ya ce da ni duk uban da ya duba aljihunsa kafin ya duba matsayin jami'a a jerin jami'o'in duniya ya cuci ɗansa, har ya ba ni shawarar in sayar da filina in tura yaron Ibadan ko Legas, ko kuma wata jami'ar kuɗi a Abuja. Ni kuwa hankalina ya fi kwanciya da Jami'ar Bayero, inda zai riƙa kwana a gida. Kowa ya faɗi abin da ya sani.

Baffa (yayan mahaifin yaro): Wa alaikumus salam. Ina nan a kan bakana, domin arha ba ta ado. Fili ana sayarwa a sake sayen wani, amma takardar digiri ita mutum zai riƙe har ƙarshen rayuwarsa, kuma sunan da ke samanta shi ake fara karantawa kafin a karanta nasa. Jami'ar Ibadan tun 1948 take, an san ta a duk inda aka je. Idan kuma jami'ar kuɗi ce, ai ya tsira daga yajin aiki, wanda ya zaunar da ɗalibai a gida kusan wata tara a 2020, ya sake zaunar da su wata takwas a 2022.

Gwaggo: Yaya, ka gafarce ni, amma magana biyu ka haɗa wuri guda. Ibadan da Legas jami'o'in tarayya ne, kuma yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU da ya rufe Bayero daga Fabrairu zuwa Oktoban 2022 su ma bai bar su ba. Jami'o'in kuɗi na Abuja kuwa, gaskiya ne ba sa yajin aiki, sai dai ba su ne a saman jerin da kake kafa hujja da shi ba. Sai ka zaɓi ɗaya: matsayi kake nema wa yaron, ko gama karatu a kan kari?

Yayan yaro (ɗan Baffa): Baba, ku yi mini afuwa in sa baki, tun da wannan fannin na karanta. Ya kamata mu san abin da masu jerin suke aunawa. Mujallar Times Higher Education ta Ingila tana ba da kaso mai nauyi ga bincike, wato yawan maƙalun da malamai suka wallafa da yawan waɗanda suka kafa hujja da su, kuma jami'ar da ba ta wallafa maƙala 1,000 cikin shekara biyar ba ma ba ta shiga babban jerin nasu. Jerin Webometrics da ake haɗawa a Sifen kuwa, yadda jami'a ta yi fice a intanet yana cikin manyan ma'aunansa. Saboda haka jami'a tana iya hawa sama albarkacin likitocinta masu yawan rubutu, alhali ɗakin gwaje-gwajen sashen lantarkinta na'ura ɗaya ce mai aiki, ɗalibai kuma sun yi mata dafifi. Jerin jami'a sukutum yake aunawa, shi kuwa ƙanena sashe ɗaya zai zauna a ciki shekara biyar. Abin da zai taɓa shi kai tsaye shi ne ko hukumar kula da jami'o'i ta NUC ta tantance kwas ɗin, ko kuma majalisar injiniyoyi ta COREN ta amince da shi, domin da wannan ne zai yi rajista a matsayin injiniya. Sannan Bayero ma tana fitowa a jerin na Times, ba a wajensa take ba.

Baffa: To, idan ya tashi neman ƙaro karatu a waje fa? Can ai suna ake dubawa.

Yayan yaro: Ana dubawa, Baba, amma ba kamar yadda muke zato ba. Da Birtaniya ta fito da bizar musamman a 2022 ga waɗanda suka gama manyan jami'o'in duniya, babu jami'ar Afirka ko ɗaya a jerinta. A irin wannan ma'auni, da Ibadan da Bayero duk layi ɗaya suke. Abin da ke raba masu neman gurbin digiri na biyu shi ne darajar sakamakonsu da shaidar malamansu.

Kawu: Ni ɗan kasuwa ne, a Kantin Kwari na tashi, don haka lissafi zan yi muku. Kuɗin rajista shi kowa ke kallo, alhali shi ne ƙaramin kaso ga mai karatu a wani gari. Akwai kuɗin ɗaki idan bai samu gado a makaranta ba, akwai abinci sau uku kullum, akwai kuɗin mota daga Kano zuwa Legas, tafiyar kusan kilomita dubu, duk hutu da duk salla, kuma kowa ya san yadda kuɗin mota ya koma tun da aka janye tallafin mai a Mayun 2023. A ninka wannan sau biyar. Kuɗin fili sau ɗaya yake shigowa hannu, ɗawainiyar makaranta kuwa kowane zango take dawowa, ga ƙanne huɗu a bayansa, biyu mata, su ma da hakkinsu a filin nan. Mun ga iyayen da suka tura 'ya'yansu waje lokacin dala tana ƙasa da naira 500, da ta haura 1,500 a 2024 dole suka dawo da su ba takarda. Lamunin karatu na gwamnatin tarayya ma, wato NELFUND, mai biyan kuɗin makaranta da naira 20,000 a wata na kashewa, ɗaliban makarantun gwamnati kaɗai yake ɗauka.

Baffa: Lissafinka ya yi, amma ka manta zaman gida ma yana da nasa farashin. Yaron da ke gida shi ake aike kasuwa, shi ke kai ƙanne makaranta, kullum yana cikin adaidaita sahu a cunkoson Kabuga kafin ya isa sabuwar jami'a a titin Gwarzo. Kuma injiniya a masana'anta yake gogewa. Ku zaga Sharaɗa da Bompai ku ƙirga masana'antun da suka rufe, sannan ku kwatanta da Legas, inda ɗalibi zai yi horon sanin makamar aiki a wurin da mai yiwuwa su riƙe shi bayan ya gama.

Gwaggo: Wannan kam ka faɗi gaskiya, Yaya, kuma ita ce hujjarka mafi ƙarfi, sai dai ka lura babu ruwanta da jeri. Horon nan ana iya zuwa Legas a yi shi ko daga Bayero ne, ɗawainiyar wata shida kuma ba ɗaya take da ta shekara biyar ba. Akwai kuma abin da ba mu taɓo ba, wato samun gurbin kansa. A jami'o'in tarayya kashi 45 na cancanta ne, kashi 35 na 'yan yankin da jami'ar ke ɗiba, kashi 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Ɗan Kano a Bayero yana cikin yankinsa, a Ibadan kuwa ya rasa wannan kashi 35 tun kafin a duba makinsa, kuma idan zaɓin farko ya kuɓuce a kwas mai rububi irin wannan, shekara guda ce ta tafi. Idan barin gida ake so ya yi, ga Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wadda take tun 1962, injiniyancinta kuma sananne ne, ya zauna a Samaru ya riƙa zuwa gida a motar haya.

Mahaifin yaro: Allah Ya saka da alheri. Ba zan taɓa filin ba tukuna. Gobe zan je sashen lantarki na Bayero tare da yayansa mu ga ɗakin gwaje-gwajen da idonmu, mu kuma tambayi matsayin tantancewarsu, ranar Asabar kuma mu leƙa Zariya. Kawunsa ya taimaka ya rubuta mana kuɗin shekara biyar na kowane wuri a takarda ɗaya.

Baffa: Na yarda, da sharaɗin a sa Legas a cikin takardar. Idan kuma Bayero aka tsayar, a nema masa ɗaki a cikin makaranta, kuɗin ɗakin ni zan biya.